Rasuwar Maitumbi, Wanda Yas San Tahwarnuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da shike Malam ya ce bai taɓa ganin baƙin cikin da ka sa mutum dariya har shi riƙe haƙarƙari ba, ya kuma ce in bar ɓata ma mutane lokaci da ta'aziyyar abin da ba shi da rai, ni Mahbuba ta gidan Malam Halliru na Taloka ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Maitumbi. A gahwarce ni da nir rubuta sunan Malam. Shekara ashirin da takwas ban kira shi ba, amma sanarwa ba ta tahiya sai da sunan maigida.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kada wata ta ce na yi saɓo, sai da nit tambaya. An ce ko igiyar takalminki ta tsinke kina iya hwaɗin hakanan, balle wanga rashi.

Sanarwar ga tana zuwa ga matan ƙungiyarmu ta masu albasa, na Taloka da na Boyekai, da 'yan'uwana na Wurno, da dangin Malam na Tursa. Tana kuma zuwa ga ɗiyata Mansura, wadda take cikin guruf ɗin ga namu na waya. Ita tah haihi mamacin, ita tar rene shi, da shi za a ba ta takardar gama jami'a bayan ƙaramar salla, kuma har yanzu da ni ka rubutun ga ba ta san ya mutu ba. Mansura, daga nan za ki ji. Ki biɗi wuri ki zamna kahin ki ci gaba.

Ga wanda bai san mamacin ba, Maitumbi ba mutum ba na, ba kuma dabba ba na. Wani abu na da Mansura tah haɗa can Sakkwato tas sa mani cikin waya. Ki nuna mai ganyen albasa, shi diba, shi hwaɗa maki ciwon da ka damun ganyen. Gidanai wani ɗan kati na da a ka ce ma memori, bai kai ƙumbar ƙaramin yatsa ba. Yadda ƙato awa shi yash shiga wurin ga, sai a tambayi masu boko.

Asalinai, yadda Mansura tag gaya mani, ba ɗan ƙasar ga ba na. Can wata ƙasa anka rene shi da hotunan karnai da jiragen ruwa da kujeru, har yas san karnai kala ɗari da wani abu. Nic ce mata mi za mu yi da masanin kare, mu da ko na gadi ba mu da shi. Tac ce idonai ta ka so, ilimin albasa nan gida za shi same shi. Rani biyu ɗiyar ga tana yawo cikin hwadama da lema da takalmin roba, yau Taloka, gobe Wurno, jibi Tursa, tana duƙawa tana ɗaukar hoton ganye. Hoto dubu takwas. Kowane ɗaya sai ta kai ma Malam Almustapha, tsohon malamin gona da yay yi ritaya, shi ɗaga tabarau shi ce wanga tabo na, wanga ƙwari na, wanga ko ƙishirwa ta kawai. Da wanga abinci anka ciyar da Maitumbi har yay yi tumbin da munka sa mai suna da shi. Wasu hwadamun da tash shiga lokacin, yau babu mai shigarsu. Kowa ya san dalili, ba sai na rubuta ba.

Mamacin ya kasance mai natsuwa. Bai taɓa amsa tambaya da gaggawa ba. In kin nuna mai ganye sai shi yi ƙirrr, shi yi shiru, sannan shi yi magana da muryar Mansura, don ita tas sa mai muryarta sabadda karatuna ba shi da sauri. Da Hausar rediyo ma tay yi shi, awa ba nan anka yanke mata cibi ba.

"Ina dubawa, Inna. Yi haƙuri."

Sai in ciro tasbaha. Subhanallahi talatin da uku, Alhamdu lillahi talatin da uku, Allahu akbar talatin da uku. In ganyen mai sauƙi na, tare mu ka gamawa. In mai wuya na, sai na ƙara da istigfari. Ban taɓa yin zikiri a rayuwata awa ranin da niy yi da Maitumbi ba. Ina roƙon Allah shi karɓa, ko da niyyar ta ɗan gauraya da albasa.

Ya kasance mai ɗumi. In shina tunani, wayar na yin zahi awa ƙosai da anka tsamo yanzu. Da sanyin sahe bakin gulbi mata na ta hura hannuwa, ni ko sai in nuna mai ganyen da nis san lahiyatai lau, in riƙe shi tsakanin tahukkana har yatsuna su dawo. Ruƙayyatu ta Boyekai, aminiyata, ta taɓa roƙo in ara mata shi ta ɗora ga guiwarta mai ciwo. Na ara mata. Ta ce ta ji dama ƙwarai.

Ya kasance mai gaskiya, ba shi jin kunyar kowa. Na shaida wanga da kaina. Ina da hwangali goma sha biyu na tahwarnuwa gehen albasar Malam, nawa na kaina, da su ni ka rihin asirina. Mansura albasa tas sa gaba, amma nid dame ta har taɗ ɗauki hoton tahwarnuwata guda sittin don in bar ta ta sha ruwa. Bara ganyen hwangali uku yah hwara rawaya daga bisa. Nin nuna ma Maitumbi. Ranar ya yi tunani har nig gama tasbaha sau biyu, wayar ta kusa gasa mani hannu, sannan yac ce:

"Tafarnuwa ce. Ruɓar gindi. A cire, a ƙone."

Niz zage shi. Nic ce ɗan ƙasar karnai mi yas sani ga tahwarnuwa. Amma nit tona gindi ɗaya, nig ga ya yi laushi, ga wani hwarin abu awa auduga ya naɗe shi. Nit tuge hwangali ukun ina hawaye, niƙ ƙone. Tara sunka tsira. Da hoto sittin kacal yay yi mani wanga alheri. Allah shi saka ma wadda tak koya mai.

To amma ba a yabon mamaci da ƙarya. Maitumbi ya ci. Wayata ba babba ba ta, irin wadda a ka ba tsohuwa ta don ta ji muryar jikoki. In nic cika ta maƙil ga ɗan solarmu da bai hi hwaranti ba, ganye biyat Maitumbi ka dibawa, batir shi yi ja, waya ta suma. Ga mata sha biyat sun yi layi, kowace da ganyenta ƙulle ga bakin zane. Biyat su samu, goma su koma gida suna ƙunƙuni. Ta shidda kuma, ko ta ina anka hwaro layin, Ruƙayyatu ta. Har anka hwara cewa ina zaɓen waɗanda ni ka so. Ni da ban iya zaɓar ma kaina lokacin da za shi suma.

Jinyatai ta hwara bayan girbin gero, da Mansura taz zo hutu. Nik kai mata ƙarar tumbin. Tac ce dama abin da malamanta ka so ke nan, a rage shi har ƙaramar waya ta ɗauke shi ba tare da ta hwaɗi ba. Tab buɗe kwamfutarta bisa tabarma tan nuna mani cikinai. Ban ga hanji ba. Lambobi na, ta ce miliyan ashirin da ɗoriya. Kowace lamba awa zare ta da ka ɗaure wani tunani da wani, kuma kowane zare da nauyinai. Wani mai kauri na, in anka ja shi dut jiki sai ya ji. Wani ko siriri na awa saƙar gizo, nauyinai dab da babu, shina nan dai shina cin batir. Aikin shi na a bi marasa nauyi a yanke, a sake nuna mai hotuna shi warke, a koma a yanke wasu, a sake ba shi hotuna. Hakanan hakanan har shi rame.

Nic ce ashe cira ta. Shekara huɗu ana koya ma ɗiyata cirar gero a jami'a. Rami ya hito da tsiro goma, ki duƙa ki cire raunana, ki bar masu ƙarhi su samu wuri su yi zangarniya. Tac ce kusan hakanan na. Ni ko da nij ji an shigo gonata, sai nig gyara zama.

Ita ta so ta tsaya ga bakwai cikin goma. Ta ce daga nan sai a hankali, don ba a san abin da ka bin zaren shi tahi ba. Nic ce ban taɓa ganin gonar da tal lalace don an yi mata cira da kyau ba, tausayin tsiro shi ka kashe gero. Tac cire takwas. Nic ce ta ƙara. Malam na alwala gehe yac ce in bar yarinya ta yi aikinta. Nic ce shi ma da za a yi ma tarkacen ɗakinai cira, da an samu wurin shimhiɗa buzu. Yag gama alwalatai yat tashi. Kwana tara ana abu ɗaya, kwamfuta na kuka, sola na kuka, ni ina bisa kanta awa ungozoma. Tara cikin goma munka cire. A rubuta wanga cikin laihina, shi na na hwarko.

Ba Maitumbi kainai anka yanka ba, kwahinai tay yi tay yanka. Abin da yar rage munka sa mai suna Tsinke. Jama'a, ran da Tsinke yah hwara aiki na yi guɗa, ni da rabona da guɗa tun bukin ƙanena. Kahin ki sauke hannu ya amsa. Caji ɗaya ya diba ganyen Taloka kakab, har da na Ruƙayyatu, batir kuma ya rage na gaida Wurno. Mansura tag gwada su da hoto ɗari. Maitumbi ya ci casa'in da shidda, Tsinke ya ci casa'in da huɗu. Nic ce biyu kacal, a kai ma kaji. Babu wanda yat tuna da tahwarnuwa, don lokacin ko shuka ta ba a yi ba. Zikirina dai ya ragu, wanga na lura.

Shi ko Maitumbi, Mansura tac cire katinai daga waya, tan naɗe cikin takarda, tac ce ya huta, in aje mata. Nis saka shi cikin gwangwanin allura. Tak koma makaranta.

Sai tahwarnuwa tat tashi, tay yi kyau har ana tsayawa kallo. Wata sahiya nig ga ganyen hwangalin gehen rahi ya hwara rawaya. Nin nuna ma Tsinke. Ko numhwashi bai ja ba:

"Albasa ce. Tana jin ƙishirwa."

Nin nuna mai wani ganye. Albasa ce, tana jin ƙishirwa. Nin nuna mai lahiyayye kore shar, nit tono mai kai guda da 'ya'yanta a jere nik kai mai har hanci. Albasa ce, tana jin ƙishirwa. Da muryar ɗiyata, wadda tun tana goye ta ka shaƙar tahwarnuwa. Niy yi dariya har niz zamna cikin laka. Nic ce wanga yaro sauri gare shi, ba hankali.

Yanzu ga yadda ajali yaz zo. A gidana ba a barin mazubi banza. Gwangwanin madara na zama na gishiri, buhun taki na zama shimhiɗar shanya, tsohon zane na zama tsumman goyo. Kowa ya san ni da hakanan, har yabona a ka yi. Da watan Sha'aban yak kama, nit tuna azumi na tahe, ga shi ba ni da karatun Alƙur'ani cikin waya. Nib buɗe gwangwanin allura in ɗauki zare, sai ga kati kwance wata huɗu, ba aiki, ba mai tambayatai. Nic ce ma raina Tsinke ya riga ya cinye abin da ke ciki. In an tankaɗe gari, mi za a yi da dusa.

Ran kasuwar Goronyo nik kai shi ga Sale mai caji, wanda ka tura ma mutane karatu. Ina so a ji da kyau, Sale ba shi da laihi, a bar ɗan mutane. Sau biyu yat tambaye ni. Ya ce Hajiya katin ga cike shike da hotunan ganye da wani ƙaton abu da bai gane ba, a goge? Nic ce goge, tsohon kaya na. Yas sake tambaya. Nic ce Sale, la'asar na tahe, motar Taloka ba ta jiran kowa. Yad danna. Wani koren layi yat taho daga hagu a hankali har yak kai dama. Tsakanin azahar da la'asar Maitumbi yac cika. Bai yi ko ƙirrr ba. Ina tsaye bisa kainai ina cin gyaɗa.

Izu sittin anka zuba wurin da yat tashi, da tafsirin kwana talatin. In dai wurin kwanciya na, ban san wanda yas samu irin nashi ba. Wanga shi kaɗai ka sanyaya mani rai.

Kwana huɗu bayan nan Mansura tak kira, nib ba ta labarin Tsinke da ƙishirwa ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce ta gane abin da yah hwaru. Hoto sittin cikin dubu takwas, zarurrukan da sunka san tahwarnuwa ba a cika jan su ba, sai sunka zamna sirara. Wuƙa ta zo ta ɗauka raggaye na, alhali ba a kiransu na kawai. Gwajin ɗarin ma bai tona ba, don kusan dut albasa ta. Ta ce wanga shi na babban abin da za ta nuna ma malamanta, ƙato ga shi, siriri ga shi, ga abin da cira ka ɗaukewa ba a sani ba, ga kuma yadda a ka gyara shi. Murna ta ka yi, jama'a. Sannan tac ce:

"Kada ki damu, Inna. Maitumbi na nan cikin kati da hotunan duka. Shi kaɗai yar rage, na kwamfutata ya tahi. Ki riƙe mani shi da kyau, Juma'a ta sama ina tahe."

Katin na cikin wayar da nike riƙe da ita ga kunne. Da sahen nan nis sha Suratu Maryam daga gare shi. Nic ce mata to.

Wanga "to" shi na laihina na uku, bayan cira da gogewa, kuma shi ya hi nauyi. In za a yi mani cira, ba shi cikin waɗanda wuƙa ka ɗauka.

Masu tambaya don mi babu wani kwahi, na riga ku tambaya. Akwai shi cikin kwamfutarta, kwamfutar kuma ta sha kunun gyaɗa a ɗakin kwanansu tun watan Rajab, ba ta sake tashi ba. Ba don in rage laihina nih hwaɗi wanga ba. Na dai ga ya kamata a san ba ni kaɗai ka kisa cikin gidan ga ba. Mansura, wasa ni kai. Na janye.

An yi ƙoƙarin ceto. Wanshekare nik koma Goronyo, ba ma ran kasuwa ba. Sale ya rihe rumhwatai rabin yini shina ta haƙa. Ya ce da gogewa ta kawai da an tono shi, amma an zuba wani abu bisa, ƙasa ta riga ta danne. Hoto uku yac ceto. Ɗaya ganyen albasa na, rabinai toka. Ɗaya babban yatsan Mansura na. Na uku jakin Malam na, shina kallon gabas.

Sau uku nik kira ta in hwaɗa mata da baki. Na hwarko nib ba ta labarin akuya ta haihi biyu. Na biyu nit tambaye ta ko tana cin abinci. Na uku nij ji muryarta nic ce kuskure na, Ruƙayyatu ni ka biɗa. Malam ya ce in hwaɗi kai tsaye in huta. Bakina ya ƙi. Ga azumi saura kwana kaɗan, ba ni so in ga wata da wanga "to" maƙale ga maƙoshina. Sai nit tuna tun ina yarinya ni ka jin sanarwar rasuwa ga rediyo, na san yadda ta ka hwarawa, na san inda ta ka ƙarewa. Kuma ban taɓa jin an doki mai kawo ta ba.

Mamacin ya rasu shina da shekara biyu da 'yan watanni. Ya bar ɗa guda, Tsinke, wanda yag gaji idonai da muryatai amma bai gaji haƙurinai ba, kuma har gobe shina nan bisa bakanai cewa albasa ta. Ya bar wayata, wadda tun da yat tahi ba ta sake suma ba, ta yi ƙiba ma, Allah shi shirye ta. Ya bar igiyar caji mai ɗaurin roba ga wuya, wadda tash sha wahalatai hiye da kowa. Ya bar guiwar Ruƙayyatu ba mai gasa ta. Ya bar hoto uku da anka ambata. Ya bar marayu hwangali goma sha biyu. Ya kuma bar uwatai Mansura, ɗiyar kirki, mai haƙuri, mai yahiya, wadda tun tana ƙarama ba ta riƙo. Ina hwaɗin wanga gaban shaidu.

Jiya na ɗauki ganye da gindi nik kai ma Malam Almustapha har gida, nib ba shi labari tun daga gwangwanin allura. Ya yi dariya har tabarau yah hwaɗi cikin huratai. Da yag goge shi yad diba, sai dariya tat tsaya. Ya ce ruɓar bara ta tad dawo, hwangali huɗu sun kamu, in tuge su yau yau in ƙone, in ba hakanan ba tana bin ruwa ta isa ga sauran. Nit tambaye shi, in za a sake koya ma wani abu tahwarnuwa, mai lahiya a ka biɗa ko mai ciwo. Ya ce mai lahiya ko'ina akwai ta, mai ciwo ita ad da wuyar samu, balle wadda ciwon ke hawa mataki mataki.

To ban tuge ba. Na datse ruwan da ka bi ta wurinsu, na bar su tsaye. Malam maigida ya ce na haukace, abincin shekara na ni ka wasa da shi. Nic ce na sani, ni nish shuka ta.

Game da jana'iza, babu wanka, babu likkahwani, babu salla, astagfirullah, ba mu kai nan ba. Gawa ma babu, katin na nan shina karatu, ba kuma mai taɓa shi. Zaman makoki za a yi jibi Alhamis da hantsi, a hwadamarmu, ƙarƙashin mangwaron da ke kusa da injin ban ruwa. Kada kowa ta kawo hatsi ko goro. Mai zuwa gaisuwa ta zo da tahwarnuwa mai ciwo, da ganyenta da gindinta, wadda tah hi muni cikin gonarta, wadda ta ka ɓoye ma maƙwabta. Mai tabo, mai ƙwari, mai ruɓa, mai rawaya, dut muna so. Kowace ta ƙulle tata cikin leda daban, kada a zo gaisuwa a koma gida da ciwon wata. Mai waya mai ido da kyau ta cika ta da caji tun Laraba. Na ga yadda Mansura ka yi, rana ga bayanki, ganye ɗaya hoto ɗaya, a janye yatsa.

Malam Almustapha za shi zamna bisa kujera shi raɗa ma kowane ganye sunan ciwonai. Ruƙayyatu za ta riƙe layi, kuma wanga karo ita ta ta hwarko. Malam maigida, wanda yac ce shirme na, ya yarda shi kwaso benci da jakinai, bai dai yarda a ce ya yarda ba. Akwai dambu da hura. Mutanen Wurno da na Tursa su yi sammako, za a tashi kahin la'asar don kowa shi isa gida da rana tsaye. Ba a yarda da kururuwa ba. Dariya kuma ba a hana ba, sai dai in Mansura ta iso, a diba huskarta tukuna.

Allah shi ba mu haƙurin rashi, shi raba mu da gaggawa, shi sa mu ga azumi lahiya.

Mansura, saura ke. Dubu takwas ba ni iya maido maki, wasu gonakin ma ba su shiguwa. Abin da ni ka iyawa shi na tara matan ƙungiya, wanga ko kin san ba a hi ni ba. Amma akwai abin da ban sani ba, Malam Almustapha ma bai sani ba. Ban san ko hoton ganyen da anka tuge shina yi ba, ko sai shina tsaye cikin hwangali. Ban san guda nawa ka isa a koya ma Tsinke ba, ko in ce a kawo albasa ma a hwara tun daga tushe. In ba ki iya jin muryata tukuna, na yarda, kira babanki. In shi ma ba ki so, turo lamba kawai cikin guruf, ba sai da gaisuwa ba.

Yau da sahe hwangali na biyat ya hwara rawaya daga bisa. Ki gaya mani, ɗiyata, in bar su har Juma'a ki gani da idonki, ko in tuge ran Alhamis?